An ɗage wa Baba aikin zuciya saboda suga: me ke sa wurin ɗinki ya ƙi warkewa?

Ɗiyar Baba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani ku warware min abin da ya hana ni barci. Mahaifina shekararsa 64, an ce jijiyoyi uku da ke ciyar da zuciyarsa sun toshe, sai an yi masa aikin nan da ake buɗe wa jini sabuwar hanya, wanda likitoci ke kira baifas. An sa rana, mun gama shiri, sai jiya likitan ya duba takardun gwaji ya ce a ɗaga zuwa wasu makonni. Wai wani awon suga mai suna HbA1c ya nuna 9.4, ga shi kuma Baba bai rabu da sigari ba. Ya ce in aka buɗe ƙirjinsa a haka yana tsoron wurin ɗinkin ya harbu. Abin da ya ɗaure min kai, zuciya ce ke ciwo, me ya haɗa ta da suga har za a bar mutum da ciwonsa ana jiran suga ya sauka? Ko dai dabarar ture mu ce kawai?

Ba Na Ɓoyewa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai ra'ayina ba ya canzawa: duk raunin da ya yi mugunya bayan tiyata, ƙazantar asibiti ce. Sun iya ɗora wa marar lafiya laifi tun kafin su taɓa shi, don in ta ɓaci su ce ai mun faɗa.

Sista ta Tiyata:
Malam, da sauƙi dai. Akwai gaskiya a maganarka, amma ba ita ce duka ba. Ƙanwata Ɗiyar Baba, bari in fara da yadda aikin yake, don shi zai amsa rabin tambayarki.

Kafin a kai ga zuciya sai an tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji a tsaye da zarto na musamman, daga ƙasan maƙogwaro har zuwa saman ciki. Bayan an gama a haɗe ƙashin da wayoyin ƙarfen da ba ya tsatsa, sannan a ɗinke nama da fata a kai. Wato abin da ke ƙirjin Baba bayan aiki karayar ƙashi ce da aka yi da gangan, ba yankan fata kaɗai ba. Kuma ƙashi ne da ba ya hutawa, duk numfashi yana motsi, duk tari yana jijjiga. Ƙari a kan haka akwai rauni na biyu a ƙafa, inda ake zaro jijiyar da za a dasa, wani lokaci har da na uku a hannu.

Harbuwar kuma iri biyu ce. Akwai ta sama, fata ta yi ja, ta ɗan yi ruwa, a wanke a ba da magani a wuce wurin. Akwai ta ciki, wadda ke cin ƙashin ta gangara bayan ƙashi inda zuciya da sababbin jijiyoyin suke. Wannan ta biyun ba ta da yawa, yawanci mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100, amma in ta zo ba wasa: komawa tiyata, makonni a gado, wasu ma ita ke ajalinsu. Ita likitan Baba ke gudu.

Ba Na Ɓoyewa:
To Sista, daga ina ƙwayoyin cutar ke zuwa in ba daga kayan aikinku ba?

Sista ta Tiyata:
Mafi yawa daga jikin marar lafiyan kansa. Ƙwayar da ta fi damun mu, sitafilokokas, a fata da cikin hanci take zaune. Kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yana ɗauke da ita a hancinsa lafiya lau, ba ta yi masa komai sai ranar da aka buɗe mata ƙofa. Ban ce asibiti ba shi da nasa kason ba. Wanke hannu, tafasa kayan aiki, yawan shiga da fita a ɗakin tiyata, ba da allurar antibayotik a kan lokaci, duk namu ne, kuma in aka yi sakaci a nan laifinmu ne. Amma ka kawo min mutum biyu, ɗaki ɗaya, likita ɗaya, rana ɗaya, ɗaya sugansa a daidai ɗaya ya yi sama, ba hatsari ɗaya suke ɗauke da shi ba.

Likitan Zaure:
Sista ta gama magana a kan wannan. Bari in ɗora a kan batun suga, tunda shi ne asalin tambayar.

Suga in ya yi yawa a jini yana kasala da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su isa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta. Suna zuwa a makare, in sun zo kuma ba su da kuzarin kisa. Sannan ciwon suga na shekaru yana ƙuntata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini da iska ga fata da ƙashi, kuma ta wannan hanyar ce maganin da aka sa a jini zai isa wurin. Rauni ba ya haɗewa sai da jini.

Wannan ba zato ba ne. A birnin Fotland na jihar Oregon a Amurka, wasu likitocin zuciya sun sauya yadda suke ba masu ciwon suga insulin bayan tiyata, daga allurar fata lokaci-lokaci zuwa ɗigo ta jijiya babu yankewa. A rahotonsu na 1999 harbuwar ciki ta sauka daga kashi 2 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Tun daga nan abin ya bazu, yanzu ƙa'idar da aka fi bi ita ce a riƙe suga ƙasa da 180, ko 10 in na'urarku da ɗaya ma'aunin take awo, musamman a kwanaki biyu zuwa uku na farko. Har wanda bai taɓa ciwon suga ba sugansa kan hau bayan babban aiki irin wannan, shi ya sa ake auna kowa.

Mai Bin Diddigi:
Likita, akwai abin da bai zauna min ba. Na san HbA1c matsakaicin suga ne na wata biyu zuwa uku da suka wuce. To ɗagawar 'yan makonni me za ta gyara? Ai lambar ba za ta sauko yadda ake so ba.

Likitan Zaure:
Tambaya mai kyau, kuma ka yi gaskiya, lambar ba za ta faɗo a mako uku ba. Amma ba lambar ake yi wa magani ba. Ita dai ƙararrawa ce cewa magungunan da yake sha ba su riƙe shi ba. A 'yan makonnin nan za a gyara masa magani, wataƙila a mayar da shi kan insulin, a ga sugan kullum ya daidaita, a san adadin da jikinsa ke buƙata kafin ranar aiki. Kuzarin fararen ƙwayoyin jini yana bin sugan yau ne, ba na wata uku baya ba. Ga kuma sigari: mako huɗu da dainawa yana rage matsalar rauni da ta huhu sosai.

Wani abu kuma, kada a ɗauka ana son suga ya yi ƙasa can. Wani babban bincike na 2009 a kan marasa lafiya fiye da 6,000 a ɗakunan kulawa ta musamman ya nuna matse suga da ƙarfi ya ƙara mace-mace, ga faɗuwar suga da ta yawaita. Tsaka-tsaki ake nema.

Ɗiyar Baba, ki riƙe wannan da kyau: ɗagawa tana da ma'ana ne kawai in ciwon yana kwance. In Baba ya fara jin ciwon ƙirji yana zaune bai yi komai ba, ko ciwon ya ƙi lafawa da magani, ko numfashi ya gagara, ko gumi mai sanyi ya karyo masa, ba maganar jiran rana. A tafi asibiti a wannan sa'ar.

Ɗiyar Baba:
Na gode Likita, wallahi yanzu na fara ganewa. Sigarin ne dai yaƙi. Yana cewa ya rage zuwa kara uku.

Dattijo Mai Waya A Ƙirji:
'Yata, ki karanta masa wannan daga bakina, tunda ni na sha ruwan.

An yi min wannan aikin shekara huɗu da suka wuce. Ni ma haka na ce, na rage, ina ɓoyewa ina zuƙa har saura kwana biyar. Bayan aiki sai tari ya kama ni, irin mai kaki da ba ya fita. An ba ni filo an ce in rungume shi a ƙirji duk lokacin da tari ko atishawa ya zo, ni kuwa sai na ga abin yara ne. An sallame ni lafiya. A rana ta goma sha biyu ina juyi a gado na ji wani ƙas a tsakiyar ƙirjina, kamar an karya tsinke. Ba zafi sosai. Da safe na ga rigata ta jiƙe a wuri ɗaya, bai fi girman tambarin babban yatsa ba, ruwa-ruwa mai ɗan rawaya. Na canza riga na yi shiru. Kwana uku ina canza riga, ina gudun a ce a koma asibiti. A na huɗu zazzaɓi ya rufe ni da rawar ɗari, uwargida ta ɗora hannu a ƙirjin ta ce min ƙashin yana motsi a ƙarƙashin tafinta.

Ashe tarin ya sa waya ta yanka ƙashin. Aka sake buɗewa aka kankare abin da ya mutu, aka cusa wani soso aka haɗa da na'urar da ke tsotse ruwan dare da rana, har yau ina jin ƙararta a kunnena. Daga baya aka jawo naman ƙirji aka rufe ramin. Aikin da ya kamata in kwana bakwai ya cinye min kusan wata biyu. Ban ɗora wa kowa ba, kara ukun nan da kwana ukun nan nawa ne.

Uwar Biyu:
Subhanallahi. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne.

Sista ta Tiyata:
Amin. Dattijo ya faɗi abin da muke fama da shi kullum. Yawancin harbuwar nan a gida take bayyana, daga mako na biyu zuwa na huɗu, wata ma ta fi haka jinkiri, shi ya sa masu ƙididdiga ke bibiyar ta ciki har kwana 90. Alamun da ba a kwana da su: ruwa ko mugunya daga ɗinki, jan da ke faɗaɗa, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, ƙashi yana ƙas-ƙas ko motsi. Ga mai ciwon suga akwai wata alama da mutane ba su sani ba, suga ya hau haka kawai ya ƙi sauka alhali ba a canza komai ba. Sau da yawa shi ke riga zazzaɓi zuwa.

Ba Na Ɓoyewa:
To in haka ne me zai hana a ɗora mutum a kan antibayotik mai ƙarfi na mako biyu ko uku bayan aiki a huta? Rigakafi ai ya fi magani. Ni da zan yi, da kaina zan saya in ci gaba da sha.

Likitan Zaure:
Malam, don Allah kada ka yi, kuma kada wani a zauren nan ya yi. Amfanin allurar rigakafin yana ga lokacinta, ba ga tsawonta ba. Ana so maganin ya riga ya cika jini a daidai lokacin da wuƙa ta taɓa fata, shi ya sa ake yin ta cikin sa'a guda kafin a fara, yawanci sefazolin, a ƙara wata in aikin ya yi tsawo. A aikin zuciya ba a wuce sa'o'i 48 da ita, wurare da yawa ma 24. Abin da ya wuce haka ba ya rage harbuwa, sai dai ya kashe ƙwayoyi masu sauƙin kai ya bar masu taurin kai su yi sarauta, ga gudawa mai tsanani, ga wahalar da ƙoda. Mafi muni, ya lulluɓe alamun har sai ɓarnar ta yi nisa.

Ba Na Ɓoyewa:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Na dai bar shi a nan.

Uwar Biyu:
Ni tambayata a kan ƙiba ce. Yayata za a yi mata nan gaba, kuma tana da jiki. An ce mata sun fi maza shiga wannan matsalar, gaskiya ne?

Sista ta Tiyata:
Hajiya, ƙiba tana sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga. Kitse ba shi da wadatar jini, ga shi yana sa raunin ya yi zurfi, ga nauyi yana jan gefen ɗinki. Kuma mai nauyi sosai sai an ƙara masa adadin allurar rigakafin, in ba haka ba ba ta isa. Ga mata masu cikar ƙirji, nauyin nono yana jan ɗinkin gefe da gefe, in an kwanta ya ja waje, in an zauna ya ja ƙasa, ga gumi da ke taruwa a ƙarƙashi daidai inda ƙarshen ɗinkin yake. Maganinsa mai sauƙi ne amma kunya kan hana a faɗa: rigar nono mai laushi, marar ƙarfe, mai maɓalli ta gaba, a sa ta dare da rana na makonni, a riƙa busar da ƙasan sosai. Ki ce mata ta tambaya tun kafin ranar.

Kada kuma ta ce za ta yi wa kanta horon yunwa don ta rame kafin aiki. Wanda jikinsa ya rasa abinci mai gina jiki shi ma rauninsa ba ya haɗewa. Ramammen tsoho da mai teɓa duka suna cikin jerin.

Ɗalibin Likitanci:
Gafara dai manya, akwai abin da ba a taɓo ba. Malaminmu ya ce zaɓin jijiyar da za a dasa shi ma yana cikin lissafi. Akwai jijiyoyi biyu da ke bin bayan ƙashin ƙirji, hagu da dama, su ke ciyar da ƙashin. Ta hagu kusan kowa ake ɗaukar masa don ta fi jijiyar ƙafa daɗewa ba ta toshe ba. In aka ɗauki duka biyun, ƙashin ya rasa masu ciyar da shi. To me ya sa wasu likitocin ke ɗaukar biyun?

Likitan Zaure:
Saboda suna duban shekara goma sha biyar ko ashirin masu zuwa, ba wata uku ba. Jijiyar ƙafa, wadda René Favaloro ɗan Ajantina ya yi suna da dasa ta a birnin Kilibland na Amurka tun 1967, takan gaji ta toshe da shekaru, ta ƙirji kuwa tana jurewa. An gwada wannan a wani babban gwaji da aka jagoranta daga Okisfod a Ingila, mutum fiye da 3,000. Waɗanda aka ɗaukar wa biyu, kashi 1.9 cikin 100 sun buƙaci a sake gyara musu ƙirji, masu ɗaya kuwa kashi 0.6. Da aka fitar da sakamakon shekara goma a 2019, ba a ga wani bambanci bayyananne a yawan mace-mace ba, ko da yake masana na ta jayayya a kai don da yawa cikin waɗanda aka rubuta wa biyu ɗaya aka yi musu. Akwai kuma salon fiɗar jijiyar ita kaɗai tsirara, a bar naman da ke kewaye da ita a jikin ƙashi, wanda ke rage ɓarnar.

Ra'ayina ni, ga mai shekara 50 marar suga marar ƙiba, biyun abin dubawa ne. Ga dattijo mai suga 9.4 da huhun sigari, da wuya in ga dalilin. Amma wanda ya ga hoton jijiyoyin shi ke da ta cewa, ba mu da ke zaure ba.

Maman Ɗalibai:
Kowa na ta ƙirji, mu ƙafa ce ta wahalar da mu. Mahaifiyata ƙirjinta ya warke tas, amma yankan ƙafar daga idon sawu har gwiwa ya kumbura ya buɗe a ƙasa, wata biyu ana wanki.

Sista ta Tiyata:
Haka ne, ta ƙafa ma ta fi ta ƙirji yawa, sai dai ba ta kai ta hatsari ba. Ta fi kama masu suga, masu ƙiba, mata, da waɗanda jini ba ya gudana sosai a ƙafafunsu. Inda ake da kayan aiki ana zaro jijiyar ta 'yar ƙaramar kafa da kyamara, wannan ya rage matsalar ƙwarai. A gida kuma a riƙa ɗaga ƙafar in an zauna, kumburi shi ke ɓalle ɗinki.

Mai Bin Diddigi:
To abubuwan da ba a hannun kowa suke ba fa?

Likitan Zaure:
Suna nan. Tsufa, ciwon ƙoda musamman ga wanda ake yi wa wankin ƙoda, tsohon ciwon huhu, raunin zuciyar kanta, magungunan da ke danne garkuwar jiki, aikin gaggawa, aikin da ya ɗauki sa'o'i da yawa, komawa tiyata saboda zubar jini, yawan ƙarin jini, daɗewa a kan na'urar numfashi. Har daɗewa a gadon asibiti kafin aiki yana ciki, don fatar mutum takan kwashi ƙwayoyin wurin. Waɗannan sai dai a san da su a ƙara sa ido.

Ɗiyar Baba:
Yau mun koma, na tafi da tambayoyina a rubuce. An mayar da Baba kan insulin, za mu riƙa awo sau huɗu a rana muna rubutawa. An goga masa auduga a hanci za a gwada, an ce in an samu ƙwayar za a ba shi man shafawa a hanci na kwana biyar da sabulun wanka na musamman. Likitan ya ce jijiya ɗaya zai ɗauka a ƙirji. Ya kuma ce bayan aiki kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo biyar har mako shida zuwa takwas. Na karanta wa Baba labarin Dattijo, bai ce uffan ba, amma da daddare ya miƙo min kwalin da kansa.

Sauran abu ɗaya. Baba yana da gashin ƙirji sosai, ƙanena ya ce zai aske masa da reza daren aiki don a rage wa ma'aikata wahala.

Sista ta Tiyata:
A'a! Ki karɓe rezar nan yanzu. Reza tana barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kafin safiya ƙwayoyin cuta sun cika su, a daidai inda za a yanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana aski da reza kafin tiyata a ƙa'idojinta na 2016, kuma a nan ne ta ba da shawarar man hancin da aka ce za a ba shi, mufirosin. In gashin zai hana aiki, mu za mu rage shi da injin aski da safen ranar. Ƙafafun ma kada a taɓa.

Dattijo Mai Waya A Ƙirji:
'Yata, ki duba aljihun babbar rigarsa da ƙarƙashin kujerar mota. Kwali ɗaya ya ba ki. Ni uku nake ajiyewa.